Kawu Ilu da Zanzaron da Ya Tare a Kwamfutar Masallaci

Duk wanda ya san Kawu Ilu a garin nan na Daura ya san ba ya taɓa na'ura da takalmi a ƙafarsa. Rediyo ce, talabijin ce, ko kwamfuta da ta zo daga baya, duk ɗaya ne a wurinsa. Zai tsaya a bakin ƙofa ya tuɓe silifas, ya jera su kai da kai kamar mai shiga masallaci, ya dafa ƙarfen ƙofa da tafin hannu biyu, ya ɗan yi jim. Sannan ya matso ya yi wa na'urar sallama. Ba na son rantsuwa, amma ku da kuka gani ku ne shaidata: cikakkiyar sallama, har da wabarakatuhu. Daga nan sai ya sunkuya ya shinshina ta kamar mai sayen daddawa.

Ƙanen mahaifiyata ne, shi ne autansu. Ni kuwa Habu tela ne, karatuna a aji shida na firamare ya tsaya, kuma kun san halina, ba sai na ɓoye ba. Ina iya kulle shago in kai gida in dawo in duba ko na kulle. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kan Kawu sai na auna shi, don yana kabari, ba zan so in ƙara masa ko in rage ba. In na yi kuskure Allah Ya yafe mini.

Lokacin da Shari'a ta zo, wa'azi ya cika gari a kan camfi da tsafi, sai wannan dafa ƙarfen na Kawu ya tsaya mini a rai. Abinci ya daina shiga. Na ce shi ke nan, ƙanen uwata yana kiran wani abu ba Allah ba, ni kuma ina kallo na yi shiru, ranar lahira me zan ce? Wata ranar rani na yi ta maza na same shi a shagonsa na bakin tasha.

Na ce, “Kawu, don Allah kada ka yi fushi. Wannan ƙarfen da kake dafawa, akwai wanda kake yi dominsa ne?”

Ya ce, “Akwai mana.”

Na ce, “Wane ne?”

Ya ce, “Kana son ka gaisa da shi? Sa takalminka na roba, ka ja ƙafa a kan tabarmar ledar nan, ka je ka dawo, ka je ka dawo.”

Na yi ta ja ina karanta duk addu'ar da na sani. Can ya ce in miƙa yatsa in taɓa ƙarfen ƙofa. Ɗas! Wani abu ya tsikare ni har gwiwar hannu, na daka tsalle ina salati.

Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, “To ka gaisa da shi. Wutar jikinka ce, sarkin fargaba. Kai tsikarinka kawai ta yi, na'ura kuwa kashe ta take yi. Ita nake zubarwa a ƙarfe kafin in sa hannu.”

Na sauke ajiyar zuciya. Amma da yake ni ne, sai na ce, “To sallamar fa?”

Ya ce, “Wannan kuma ladabi ne. Kai in za a buɗe maka ciki, ba ka so a gaishe ka tukuna?”

Ga shi da riƙon kaya. Shagonsa cike yake da gwangwanayen madara, kowanne da irin notin da ke ciki, kuma bai taɓa yarda noti ɗaya ya ɓata ba. Kun tuna da Buzun nan mai sayar da raƙuma da ya kawo masa rediyo ranar kasuwa? Kawu ya gyara, mutum ya ɗauki abinsa ya tafi. Da yamma Kawu yana share tebur sai ga ɗan noti guda kamar ƙwayar gero. Washegari ya hau acaɓa, ya wuce Mai'adua, ya isa Kongolam. Jami'an kan iyaka suka tare shi suka ce me ya ɗauko. Ya kwance hankici a hankali, ya nuna musu.

Suka ce, “Baba, wasa kake da mu? Ina kayan?”

Ya ce, “Kayan ke nan. Na mutane ne.”

Suka caje shi tun daga hula har silifas, don sun ce ba mai hankalin da zai ƙetare ƙasa saboda wannan. Kafin su gama shawara ya gyara musu fankar ofis da ta daɗe tana kuka. Suka sallame shi da godiya. Ya yi ta tambaya ƙauye ƙauye har ya samu Buzun a gindin bishiya, rediyo na ta zuba waƙa lafiya lau. Kawu ya tuɓe takalmi, ya buɗe ta, ya duba ko'ina. Babu gurbin da ya rasa noti. Da ya dawo Daura sai ya ga ashe na hannun tabaransa ne ya faɗo.

Mutane suka yi ta yi masa dariya a majalisa. Ya ce, “Ku yi ta yi. Ni dai yanzu na san ba nata ba ne.” Ni kam ban ga abin dariya ba. Da ni ne ma haka zan yi, sai dai ni ba zan iya magana da jami'an ba.

Amma abin da aka fi saninsa da shi ita ce maganar nan tasa. Kada ka kuskura ka shiga shagonsa ka ce na'urarka ta mutu. Zai ɗago kai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, “Allahu akbar. Yaushe aka yi rasuwar? Ka halarci jana'izar? Wa ya yi mata wanka?” Sai ya ƙara da cewa, “To tunda ba ka ga gawa ba, kada ka raba gado. Ajiye ta nan.” Har yara a unguwa suka ɗauka, in wani ya ce tocilarsa ta mutu sai ka ji an ce, ka halarci jana'izar?

To duk wannan shimfiɗa ce. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da na gani da idona a ɗakin ajiyar masallacin unguwarmu, ranar da ake sa ran ganin watan azumi. Har gobe in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Kun san a masallacinmu mata suna zama a rumfar baya lokacin tafsiri, katanga ta raba su da maza. Da lasifika kawai suke ji. Sai wani bawan Allah ya ba da kyautar kyamara da kwamfuta da babbar talabijin, aka kafa talabijin ɗin a rumfar mata don su riƙa ganin malam yana karatu. Malam Nura, malamin Islamiyyarmu, shi ke sarrafa kayan. Ni kuma aka ba ni makullin ɗakin ajiya, wai don an san ba na wasa da amana. In azumi ya wuce sai in lulluɓe kwamfutar da zane, in kulle, sai wata shekara.

Babu wanda wannan talabijin ta yi wa rana kamar Innata, wato mahaifiyata. Kunnenta ya yi nauyi ƙwarai, lasifika a wurinta kamar kukan ƙudan zuma ce. Amma Allah Ya ba ta wata baiwa, in tana kallon bakin mutum tana gane abin da yake faɗa. Shekaru tana zuwa tafsiri don lada kawai, ba ta tsintar komai. Da aka kafa talabijin, ranar farko ta dawo gida tana kuka, ta ce yau ta ji ƙissar Annabi Yusufu da idonta. Tun daga nan ta mallake gaban talabijin ɗin, tana da buzunta a wurin, ba mai taɓawa. A shekarar da nake ba ku labari jikinta ya yi rauni, tun watan Rajab take ce mini, “Habu, ka duba mini akwatin nan da kyau, wannan ne azumina na ƙarshe.” Ta saba faɗin haka kowace shekara, amma ni kowace shekara sai na yarda.

Da safiyar ranar muka buɗe ɗaki ni da Malam Nura, muka tayar da janareta, muka haɗa wayoyi. Kwamfuta ta tashi, ƙaramin allonta ya kawo. Babbar talabijin ta rumfar mata kuwa baƙi ƙirin. Malam Nura ya canza waya, ya kashe ya kunna, ya danna nan ya danna can. Sannan ya share zufa ya ce mini akwai wani faranti a cikin kwamfutar da ake kira katin hoto, shi ke aika hoto zuwa babbar talabijin, kuma kwamfutar ba ta ganinsa sam, kamar ba a taɓa sa shi ba. Ya ce a ganinsa katin ya mutu, sai an aika Kano, kuma ko an samu irinsa, kafin ya iso an ci kwanaki a azumi.

Makulli a hannuna yake shekara guda. Me na yi? Zanen da na rufa ne ya yi nauyi? Ranar da na matsar da ita don in share ƙasa ne? Kuma da wane baki zan gaya wa Inna? Ban san lokacin da na isa bakin tasha ba.

Na ce, “Kawu, ka taimake ni, katin hoton masallaci ya mu...” Sai na kama bakina.

Ya dube ni ta saman tabarau. “Ƙarasa mana. Ka halarci jana'izar?”

Na ce, “Ban halarta ba, Kawu.”

Ya ce, “Madalla, ka fara hankali. Ɗauko mini jakar can.”

A bakin ɗakin ajiya ya tuɓe silifas, ya dafa ƙarfen taga, ya yi wa kwamfuta sallama. Malam Nura ya yi masa bayani, Kawu yana gyaɗa kai, ya ce bincikensa daidai ne, lallai ba ta ganin katin. Sannan ya juyo gare ni.

Ya ce, “Habu, saurara. Kwamfutar nan mai gida ce, katin nan baƙonta ne. In mai gida ya ce bai ga baƙo ba, ba lallai baƙon ya mutu ba. Wataƙila bai zauna daidai a kan tabarma ba. Wataƙila ba a kai masa abinci ba, yunwa ta hana shi magana. Wataƙila ya miƙa hannu a gaisa, hannun ya yi datti, mai gida bai ji ba. Sai an duba duk wannan an rasa, sannan a fara maganar likkafani.”

Ya sa aka kashe janareta, ya zare wayar wuta, ya danna maɓallin kunnawa ya riƙe don sauran wutar da ke ciki ta fita. Ya kwance notuna ya zuba a hularsa. Kafin ya ɗaga murfin ya sa hanci a jikin ramukan iska, ya ja numfashi, ya lumshe ido.

Ya ce, “Babu ƙauri. Ba abin da ya ƙone.” Ya sake shinshinawa. “Amma ina jin ƙamshin ƙasa. Habu, gona ka yi a ciki?”

Ya ɗaga murfi, ya haska tocila. Sannan a hankali ya ce, “Tabarakallah. Ku zo ku ga masu gida.”

Zanzaro ne ya yi gini. Ginin laka mai ɗakuna jere kamar rumbunan gero, ya fi babban yatsa tsawo, ya kama gefen katin ya haɗe shi da bakin ramin da katin yake zaune a ciki. Ta wata 'yar kafa a bayan akwatin kwamfutar ya riƙa shiga da laka, ni kuwa ina can ina duba kwaɗo kullum ina cewa amana tana nan lafiya.

Farin ciki ya kama ni, na ga ashe abin mai sauƙi ne. Na ce, “Alhamdu lillahi! Kawu, ba ni sukuddireba in farfasa shi.”

Ya buge mini hannu. “Ka farfasa wa? Dubi nan. Waɗannan ɗakunan biyu a buɗe suke, masu su sun tashi. Waɗannan kuwa a toshe. Akwai 'ya'ya a ciki. Uwarsu ta yi gini, ta zuba musu abinci, ta liƙe ƙofa, ta tafi ta bar su a ɗakin da kai ke riƙe da makullinsa. Kai da kake ta kukan amana, ga wata amanar nan.”

Jama'a, kun ji inda ya kama ni! Na tsaya tsakanin Innata da 'ya'yan zanzaro, na rasa wadda zan ci a cikin amanar biyu. Na ce to yaushe za su fito? Ya ce wannan sai Wanda Ya halicce su, wataƙila bayan salla. Na ce Kawu gobe fa azumi! Ya ce shi ma ya sani, ai ba a Nasara ya tashi ba.

Na fita da gudu na samu liman a zaurensa, na zayyana masa komai ina haki. Liman ya yi murmushi, ya ce in abu yana cutarwa ko yana hana amfanin jama'a, ya halatta a kawar da shi. Na dawo da ƙarfina.

“Kawu, liman ya ce ya halatta!”

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, “Ya ce ya halatta. Ya ce wajibi ne?”



Ana cikin haka sai ga Inna tana dogara sanda, labari ya kai mata. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Ilu, me nake ji? An ce ka hana a gyara mini akwati saboda ƙwaro?”

Ya juya ya fuskance ta sosai don ta ga bakinsa. “Yaya, zanzaro ne ya yi gini a ciki.”

Ta riƙe haɓa. “Zanzaro? A ɗakin masallaci? To wa ke da ciki, liman ko ladan?” Kun san maganar tsofaffi, wai in zanzaro ya yi gini a ɗaki akwai mai juna biyu. Sai ta dube ni. “Af, ai makullin a hannun Habu yake. To matarka ce.”

Na ce, “Inna, astagfirullah, camfi ne wannan!”

Ta ce, “Me ya ce?” Don ta iya rashin gani in ba ta so. Sannan ta nuna Kawu da sanda. “Kai kuma auta, ni na goya ka, ka yi mini fitsari a baya ba sau ɗaya ba. In aka fara tafsiri gobe ban ga bakin malam ba, kada ka zo mini shan ruwa.”

Kawu ya ce, “Yaya, je ki zauna a buzunki. Za ki ga malam, su ma za su ga duniya.”

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Ya aike ni in samo gashin kaza da ɗan ruwa a murfin kwalba. Ya zaro sabuwar reza ya karya ta biyu, ya mayar da rabi cikin takarda don gaba. Ya cire wata waya mai kauri da ke shiga gefen katin, ya miƙo mini ya ce in riƙe kada ta faɗa masa a aiki. Ya kwantar da akwatin a kan tabarma, shi ma ya kwanta rub da ciki, tsoho mai furfura, tocila a baki. Sai ya tsoma gashin kaza a ruwa, ya shafa a gindin ginin, inda laka ta kama ƙarfe, ɗigo ɗaya ba ya bari ya zuba a kan kayan wutar da ke ciki. Ya jira ta jiƙa. Ya sa reza ya ɗan yanka kamar kaurin gashi. Ya sake shafawa, ya sake jira.

Ni tela ne, na san aikin hannu, na san abin da ake nufi da zare ya bi layi. Amma hannun Kawu a ranar ko motsi ba ya yi, kamar an sassaƙa shi. Mutumin da in yana shan shayi rabin kofi a rigarsa yake ƙarewa saboda rawar hannu! Aka kira azahar, ya tashi ya yi salla ya dawo ya kwanta. Rana ta karkata. Malam Nura ya zauna a ƙofa yana kallo baki buɗe. Mutane suka fara taruwa a taga, ba mai tari. Ni kuwa ina tsugune, zufa har cikin idona, ina ta lissafin abin da zai faru in rezar ta zame.

Gab da la'asar sai muka ji ɗan ƙaramin sauti, ƙyas. Kawu ya ɗago hannu. Ga ginin zanzaro a tafinsa, ɗungurungum, ko tsagewa bai yi ba. Wani a taga ya yi kabbara. Kawu ya jiƙa ƙaro, ya shafa a gindin ginin, ya taka kujera ya manna shi a kusurwar bango kusa da taga, inda iska ke shiga. Ya ce, “Ku yi haƙuri da tashin da aka yi muku. Nan ya fi, ba zafin inji.”

Sannan ya koma kan baƙo. Ya danna ɗan maƙalin da ke riƙe katin, ya zaro shi a hankali, ya ɗaga shi a haske. A ƙasan katin akwai 'yan haƙora jere masu ruwan zinariya. Na gefen da laka ta taɓa sun yi kore saboda damshin damina. Ya ce, “Ka gani? Hannun da yake miƙawa a gaisa ke nan.” Ya laluba aljihu ya fito da robar goge fensir, ta ƙare har ta koma kamar ƙwayar wake, ya ɗaure ta da zare don kada ta ɓata. Na san robar nan tun ina yaro. Ya goge haƙoran ɗaya bayan ɗaya har suka yi ƙyalli. Ya buɗe wata 'yar kwalba ya jiƙa auduga, wari ya bugi hancina.

Na ce, “Kawu! Ba giya ba ce wannan? A harabar masallaci?”

Ya ce, “Sifirit ne na asibiti. In ka sha ka ba ni labari.”

Ya share ramin katin da busasshen gashin kaza, ya hure shi, ya jira komai ya bushe. Ya saita katin, ya danna da manyan yatsu biyu har muka ji ya ce ƙat. Ya ce a tayar da janareta. Malam Nura ya kunna. Wani yaro ya leƙa rumfar mata ya dawo ya ce har yanzu baƙi.

Na ce, “Inna lillahi! Kawu, ya mutu, wallahi ya mutu!” Ni da ba na rantsuwa.

Kawu ya dube ni, ya dubi hannuna, ya sake dubana. Ya ce, “Mun gyara masa zama, mun wanke masa hannu. Abincinsa fa? Ga shi can ka shaƙe kamar igiyar akuyar da za ta gudu.”

Ashe wayar nan mai kauri da ya ce in riƙe tun hantsi, ita ke kai wa katin wuta. Na riƙe ta har yatsuna sun sandare, ko da na je salla sai da na dawo na sake kamawa, don ba a ce in saki ba. Aka kashe, ya ɓamɓare ta daga hannuna, ya soka a gurbinta. Aka kunna. Fankar katin ta yi wani ɗan jim, sannan ta fara juyawa. Malam Nura ya duba ƙaramin allo ya yi ihu, “Ta gan shi! Ga sunansa nan ya fito!” Daga bayan katanga muka ji guɗa.

Kawu ya ce ba a gama ba, sai an gwada. Ya shiga masallaci, ya zauna a kujerar malam gaban kyamara, ya ce a kashe lasifika. Ya dubi kyamarar, ya motsa baki ba tare da sauti ba. Mu da ke gabansa ba mu san me ya ce ba. Sai muryar Inna ta tsallako katanga kamar ta budurwa.

“Ilu! Ni ce gyatuma mai faɗan tsiya? Ungo naka! Bari in zagayo!”

Kawu ya miƙe yana gyara hula, ya ce, “Hoto ya fita tas. A rufe akwati.” Ya ƙirga notunan da ke hularsa ya mayar da kowanne gurbinsa, ya toshe kafar bayan akwatin da guntun gidan sauro, ya sa silifas. Da magariba aka ga wata.

Inna ta yi tafsirin shekarar tun daga farko har rufewa, a kan buzunta, idonta a bakin malam. Kawu kuwa kullum bayan la'asar sai ya biyo ya ce in buɗe masa ɗakin ajiya, ba don kwamfuta ba. Ana saura kwanaki salla ya kira ni ya nuna mini kusurwa. Kowane ɗaki na ginin ya samu 'yar ƙofa. Ya ce, “Sun tashi lafiya. Ka sauke amana biyu, sarkin fargaba, yau ka ci tuwo da kyau.”

A wannan karon Inna gaskiya ta faɗa, ba ta ga wani azumin ba. Amma ta ga jikanta, don kafin shekara ta zagayo matata ta haihu. Ni dai ban yarda da camfi ba, kuma na tambayi liman ya ce haɗuwa ce kawai. Sunan yaron Iliyasu, sunan Kawu na yanka.

Ranar da aka aiko mini a shago cewa Kawu Ilu ya rasu, sai na ji bakina yana so ya tambayi ɗan aiken ko ya ga gawa, ko an duba zamansa, ko an kai masa abinci. Na tafi da guduna kamar yadda na saba zuwa wurinsa in abu ya fi ƙarfina. Na tarar da silifas ɗinsa a bakin ƙofa, a jere kai da kai. Na tuɓe nawa a gefensu, na yi masa sallama har da wabarakatuhu.

Kawu, wannan karon na halarci jana'izar. Ni na yi maka wanka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya jiƙan Inna. Yadda ka tausaya wa abin da ba ya iya roƙon tausayi, Allah Ya tausaya maka, Ya ɗauke ka da sauƙi kamar yadda ka ɗauke ginin nan, Ya sauke ka inda ya fi nan iska da sanyi. Amin.